Kankanar da Ƙanƙara ta Fasa

Da firiza aka kai ni Jos, cikin kayan ɗakina. Matan gidan hayar da muka sauka a unguwar Congo-Russia sun sha dariya ranar da ake ta kicin shigar da ita, wai garin da ake kwana da rigar sanyi me za a yi da firiza. Wata da watanni ba abin da ke cikinta sai robar ruwa da ɗan naman miya.

Ɗakin da ke kallon nawa na wata mata ce 'yar asalin Filato, kowa Maman 'Yan Biyu yake ce mata. Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji, ni ma "kai" take ce mini, har na daina jin wani iri. Mijinta yana noman rani a bakin wani tsohon ramin kuza da ya zama tafki, tumatir da kabeji, shekarar nan kuma ya gwada kankana.

Ana dab da cire ta, ruwan farko ya sauko da ƙanƙara. Ban taɓa gani ba. Ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon fararen duwatsu suna tsalle a tsakar gida, kwanon rufi na ƙara kamar zai tsage. Washegari da hantsi sai ga a-kori-kura ta sauke kankana a ƙofar gida, wata ta tsage, wata ta lotsa. 'Yan sari a kasuwar Farin Gada sun ce ba za ta kwana biyu ba, ba sa so.

Maman 'Yan Biyu ta raba wa maƙwabta, duk da haka tulin bai ragu ba. Can ta leƙo ɗakina, ta daɗe tana duban firizar.

"Amarya, in ka sa kankana a wannan abu, me zai zama?"

Na ce wallahi ban sani ba, mu gwada.

Da farko yankawa muka yi muka jera a faranti. Ta daskare kamar dutse, da ta saki kuma sai ta koma tuɓus, ba daɗin tauna. Muka sake dabara: muka cire 'ya'yan, muka murje naman a rariya, muka ƙulla ruwan a ƙananan ledoji irin na zoɓo. Da muka buɗe, abin mamaki, ja ya kwanta a ƙasa, sama kuma fari fes kamar ruwan famfo. Muka riƙa juya leda a hannu muna tambayar juna ina zaƙin ya tafi. Ita ta ce sanyin ne ya yi yawa, ni na ce ruwan ne da nauyi biyu. Ba wadda ta yarda da ta wata.

Ita ce ta kawo shawarar a riƙa girgiza ledojin in sun fara kamawa, ni kuma na matsa lemun tsami da 'yar citta. Wannan karon launin ya tsaya ɗaya, ja mai haske, ana ciza yana rugurgujewa a baki. In an ɗauke wuta sai mu lulluɓe firizar da bargo, mu hana kowa buɗewa.

Yaran unguwa suka gano mu, sukan biyo daga makaranta su sha, su tafi leɓɓansu jajur. Amma wanda na fi tunawa shi ne surukin Maman 'Yan Biyu, wani tsoho da ya zo asibiti daga ƙauye. Ya karɓi leda ɗaya, ya manna ta a kumatunsa, ya tambaya da yarensu ko wannan ce kankanar ɗansa. Aka ce ita ce. Ya huda gefe da sauran haƙoransa, ya tsotsa, ya runtse ido yana girgiza kai. Da ya gama sai ya ce a ƙulla masa biyu zai kai wa matarsa ƙauye. Aka yi ta yi masa bayani cewa kafin mota ta fita gari sun zama ruwa. Ya ce ba komai, a ƙulla, ruwan ma za ta sha.