Ajin 'Yan Me Ya Sa

A farkon shekarun 1980 ina koyar da ƙananan yara a wani aji da cocinmu ya buɗe a Malumfashi, 'yan shekara uku zuwa biyar da ba su isa firamare ba. Akwai 'ya'yan manomanmu na coci, akwai na maƙwabtanmu Musulmi 'yan kasuwa. Aikina bai wuce in sa su rera baƙaƙe ba, wanda ya cika surutu in nuna masa tsumagiya.

Da hutu aka tura ni kwas Zariya. Can wata likitar yara ta ɗora mana ƙwaƙwalwar roba a kan tebur, ta ce ta ƙaramin yaro saƙa take yi a shekarun farko. In ya taɓa abu, ko ya yi tambaya aka amsa masa, zare ɗaya ya ƙullu. Wanda kuwa kullum ake ce wa ya rufe baki, nasa tsinkewa suke yi. Na dawo gida da maganar nan kamar wadda ta sayo sabon zane, ina ɗokin ɗaurawa.

Ranar da aka koma na ɓoye tsumagiya, na kawo yumɓu da totuwar masara da auduga, na ce daga yau kowa ya tambayi abin da yake so. Suka zuba mini ido. Can wata 'yar ƙarama ta cire yatsa daga baki.

"Malama, me ya sa kashin akuya ƙwaya-ƙwaya ne, na saniya kuma kamar faifai?"

Ban sani ba, likitar kuma ba ta faɗa mana yadda ake yi in malama ta rasa amsa ba. Sai na ce, "Babanki yana da akuya, yana da saniya. Tambaye shi, gobe ki kawo mana." Daga nan na sami dabara. Duk tambayar da ta fi ƙarfina, gida nake aika ta.

Ba a daɗe ba wani Alhaji mai sayen auduga ya tsayar da babur a ƙofar aji. Bayan mun gaisa ya ce, "Malama, me kike ba yaran nan ne? Jiya ina zaune da baƙi daga garin Ƙarfi, ɗana ya tambaye ni me ya sa gemuna fari ne ranar Alhamis, ranar Juma'a kuma baƙi."

Na sunkuyar da kai ina ba shi haƙuri, dariya tana cin cikina.

Ran Lahadi abin ya iso coci. Ana tsakiyar addu'a wani ɗan ajina ya tambayi uwarsa, da muryar da kowa ya ji, me ya sa Fasto ya ce a rufe ido amma shi nasa ɗaya a buɗe yake. Da aka tashi Fasto ya kira ni. Dattijo ne mai son tsari. Na yi masa bayanin ƙwaƙwalwa da zarenta, ya saurara har ƙarshe.

"'Yata, na ji. Amma zaren nan dole sai a jikin manya za a ƙulla shi?"

Na ce, "Baba, ni sun raina ni. Da za ka zo da kanka ka gaya musu tambaya tana da lokaci, za su ji."

Na san abin da nake yi. Ya zo ran Laraba a kan kekensa, da niyyar ya yi faɗa ya wuce. Bai gama jingine keken ba suka kewaye shi. Ina iskar famfon keke take kwana? Me ya sa taya ba ta gajiya? Ya ce bari ya nuna musu abu ɗaya kawai. Har rana ta take yana tsugune da famfo a hannu, yara na bi layi suna tara kunci yana hura musu iska, rigarsa duk yumɓu.

Da zai tafi ya gyara murya ya kafa doka: ba tambaya a coci, ba tambaya gaban baƙi, a tara su sai Laraba, iyaye kuma su riƙa zuwa bi da bi suna amsawa. Haka na sami malamai kyauta, ina zaune a inuwa ina ɓarar gyaɗa. Alhaji ya zo da sikelinsa ya auna kowane yaro. Wata kaka daga Gozaki ta zo da mazari ta koya musu kaɗi.

Wanda ya fi shan wuya shi ne wani direban tarakta, uban tagwaye. Ranar da ya zo da ita, yara sun hau, sun sauka, sun shinshina mai, sannan aka tambaye shi taraktar mace ce ko namiji. Ya cire hula ya sosa kai, ya dubi matan da suka tsaya kallo da tuluna a ka.

Ya ce, "Mace ce. Ita ke aikin, ni ina zaune."