Na Sha, Inna, Na Sha

Ban san muryar mahaifina ba. Ina goye ya rasu a hatsarin mota tsakanin Kano da Katsina, yana aikin yaron mota. Da aka yaye ni mahaifiyata ta yi aure a Kafinsoli, aka bar ni a ƙauyenmu Kaikai a hannun kakata, wadda gida duka, manya da yara, ke kira Inna. Babu hotonsa ko ɗaya. Wadda ta fi kowa saninsa kuma ita ta fi kowa rufe baki, domin shi ne ɗanta na fari, kuma a wajenmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta kukansa a idon mutane. An ce ranar da aka kawo gawarsa, tsintsiya ta ɗauka ta kama sharar tsakar gida. Na daɗe ina jin haushin wannan labari, ba zan ɓoye ba.

Na sha tambayar ta. In na same ta tana kaɗi sai in zauna a kan ƙafarta in ce, "Inna, yaya Babana yake? Dogo ne?"

Sai ta ture ni da gwiwa. "Kai ni tashi! Wane irin miji ne wanga, ba cefane sai tambaya? In ka matsa mani in sake ka in auri mai goro."

A yi dariya, maganar ta bi ruwa. Ni kuwa in koma gefe ina haɗiyar zuciya.

Amma da an yi magariba an sauke tuwo, wata Innar ce ke fitowa. Ba ta barin wutar murhu ta mutu. Takan tura karan dawa ciki, ta watsa gyaɗa a toka mai zafi idan lokacin kaka ne, mu da 'ya'yan baffana mu kewaye ta muna ture juna saboda kowa na son gefen da hayaƙi ba ya bi. Sai ta gyara zama, ta tofar da tukar goro, ta ce, "Ga ta nan tahe, ku buɗe mata zaure." Mu ce, "Ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma."

Tana da tatsuniyoyi barkatai, na kura da na dila, na masu ban dariya har ciki ya ƙulle. Amma akwai ɗaya da takan ajiye sai ƙarshe, lokacin da wuta ta koma garwashi. Muna ce mata ta Mai Tafiya.

Wai wani yaro ne ya tashi ya ga hanya ta wuce ta ƙofar gidansu, ya ce sai ya ga inda ta ƙare. Ya bi ta ya tafi. A dajin da hanyar ta ratsa akwai wani dodo da ba ya gani, sai dai ji. Duk wanda aka kira sunansa da ƙarfi, dodo zai ji ya bi sunan ya kama mai shi. Saboda haka uwar yaron ba ta da halin kiran ɗanta. Kullum da yamma sai ta ɗebi ruwa a ƙwarya ta ajiye a bakin hanya, ta juya baya kamar ba ruwanta, ta rera waƙa. Iska ta ɗauki waƙar ta kai masa, shi kuma ya amsa daga inda yake. Muddin ya amsa, ta san yana da rai, sai ta koma gida ta yi barci.

A nan Inna ke sauke murya ta rera, "Mai tahiya, mai tahiya, ka sha ruwa?" Mu kuma mu amsa, "Na sha, Inna, na sha."

Karin waƙar daban yake da na sauran tatsuniyoyinta. Yana hawa sama a hankali, ya yi wata lanƙwasa, sannan ya gangaro. Ba na waƙar daka ba ne, ba na gaɗa ba. Kuma ba ta yarda a amsa mata da garaje. Idan yara suka haɗa baki suka amsa, sai ta ɗaga hannu.

"Ban ji maigidana ba. Kai, bakinka gyaɗa ta cika shi? Amsa kai ɗai."

In amsa ni kaɗai, ina jin kunya, sauran na yi mini gwalo. Sai ta yi shiru ɗan lokaci tana tona toka da tsinke, sannan ta ci gaba.

Abin da ke ba ni haushi da tatsuniyar shi ne ba ta da ƙarshen kirki. Yaron bai dawo ba, bai kashe dodo ba, bai samo dukiya ba. Uwa na rerawa, ɗa na amsawa, shi ke nan. In na ce, "To Inna, ya dawo?" sai ta ce, "Na ɗaure ta ga wutsiyar kusu, ya shige da ita rumbu. Ku tashi ku kwanta." Darasin da takan ba mu shi ne, wai duk wanda aka kira ya amsa, kada ya bar mai kira tsaye. Mun ɗauka tana nufin in an aike mu.

Da aka kai ni makarantar kwana na dawo hutu, ƙanwata Hansai, 'yar baffana, ta ce mini, "Tun da ka tahi Inna ba ta ƙara yi mamu ta Mai Tahiya ba. Ko mun roƙa, sai ta ce ta manta." A daren da na dawo kuwa ta tuna. Ban kawo komai a raina ba, na ɗauka son kai ne irin na kaka da jika. Inna ta rasu ina koyon ɗinki, ba ta taɓa faɗin sunan ɗanta a gabana ba.

Yanzu ina da shagon ɗinki a Kankia, bakin titi. Iyalina suna ƙauye, sai ranar Juma'a nake ganinsu. Sauran kwanakin ni ne da keken ɗinki da ƙarar motocin da ke wucewa. Wani abokina ne ya ga zaman kaɗaici zai yi mini illa, ya saka ni a wani zaure na waya inda masu sha'awa ke ɗora tsofaffin waƙoƙin fim da suka sake rerawa da kansu. Ba mawaƙa ba ne. Akwai makanike mai ƙaramar fiyano wadda maɓallinta ɗaya ya mutu, akwai wata mata da ke kiɗa da bayan ƙwarya ba ta nuna fuskarta, akwai wani dattijo da muryarsa ke karyewa a tsakiyar kowace waƙa amma ba ya fasawa. Ana yaba musu, ana kuma tsokanarsu ba tausayi. Ni ban taɓa cewa uffan ba, saurare kawai nake yi ina ɗinki.

Wata rana bayan la'asar wani malamin makaranta ya ɗora bidiyonsa yana busa sarewa, ya rubuta cewa waƙar wani tsohon fim ɗin Indiya ce da aka yi yayi a sinima kafin a haifi yawancinmu. Ya fara busa. Karin ya hau a hankali, ya lanƙwasa, ya gangaro. Ƙafata ta tsaya a kan keke.

Dariya ta fara zuwar mini. Na ce lallai Inna, ashe waƙar Indiya kika sato kika ce ta dodo ce! Sai dariyar ta tsaya, domin Inna ba ta taɓa shiga sinima ba, ko rediyo ba ta ƙauna. To a ina ta ji?

Ran Juma'a na biya Kusada wajen Gwaggo Hajo, ƙanwar mahaifina, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Bayan mun gaisa na kunna mata na ce, "Gwaggo, ji inda Inna ta samo waƙar Mai Tafiya."

Ba ta yi dariya ba. Ta karɓi wayar ta kara a kunne, ta ce in ƙara maimaitawa.

"Wagga ai waƙar babanka Yaya Lawal ce," in ji ta. "Can Kano ya gano ta a sinima. In ya sauka mota, tun daga bakin gari shina hito da ita, kowa ya san ya iso."

Na ce, "Inna fa?"

"Inna mi za ta yi? Ɗan hwari ne. Ba ta tarba tai, ba ta ko kallo nai. Da ta ji hiton sai ta cika ƙwarya da ruwa ta aje ƙohwar ɗaki, ta koma ga aikinta. In ya shigo ya sha, sai ta ce, kamar da bango take magana, 'An sha ruwa?' Shi ko ya ce, 'Na sha, Inna.' Iyakar hirarsu ke nan, har ya bar duniya." Ta goge ido da bakin mayafi ta dube ni. "Kuma kai, murya tai gare ka. Ba wanda ya hwaɗa maka?"

Ba wanda ya faɗa mini cewa muryar mahaifina gare ni.

Na yi shekaru ina ganin Inna ta hana ni ubana. Ashe kullum da magariba tana miƙo mini shi ta hanyar da kunya ta bar mata, ni kuma ina mayar mata da shi ban sani ba. Na tuna shirun nan da take yi tana tona toka bayan na amsa. Na ji tausayinta ya kama ni, irin wanda bai kama ni ba ko ranar da muka binne ta.

Har yau ban ɗora komai a zauren ba. Na dai rubuta wa malamin na gode, ya mayar mini da hoton hannu mai jinjina, bai san abin da ya yi ba. Amma akwai inda yake tsayawa ya ja numfashi bayan karin ya gangaro, ɗan shiru kaɗan kafin ya sake busawa. Idan magariba ta yi na rufe shago, nakan cika kofi da ruwa in zauna, in kunna busar. Motoci na wucewa Kano, wasu na wucewa Katsina. In ya zo wajen shirun, ba na barin mai kira tsaye.

"Na sha, Inna, na sha."