Igiyar da ke cikin rufin motar Kawu Idi

Da farko ban ji zafi ba. Na miƙa hannun hagu bayan kujera, cikin naɗin rufin motar, ina laluben kallabina da iska ta fizge, sai na ji kamar ƙaya biyu sun soke ni a gindin babban yatsa. Ƙarar da ta biyo baya ce ta tsinka mini zuciya, shuu-shuu, kamar an yayyafa ruwa a tafasasshen mai. Ƙarfe tara saura kwata ne na safe. Amma bari in faro muku daga Tasawa, don ku ji yadda na shiga motar.

Tasawa, bayan sallar asuba

Motar ta Kawu Idi ce, ƙanen innata, makanike. Nasaran da ya yi wa aiki wajen sayen gyaɗa ne ya bar masa ita da zai koma ƙasarsu bayan mulkin kai. Ja ce, mai dogon hanci, kujera biyu rak, ba ta da rufi sai wani zane mai kauri da ake naɗewa a baya. Kawu ya ɗaga ƙafafunta saboda rairayi, ya ƙara mata tankin isansi, wato fetur, na biyu. Shekara uku tana ajiye cikin sito tsakanin buhunan gyaɗa, ɓeraye na shiga suna fita.

Da labari ya kai wa Nasaru masu tara tsofaffin motoci cewa akwai irinta a Tasawa, kuma irin nata ya yi ƙaranci a duniya, ɗayansu ya aiko. 'Yan kasuwar gyaɗa Mai Lofe suke ce masa, saboda lofen taba da ba ya barin bakinsa. Ya ce zai kwana biyu a Mayahi, a kai masa ita ya gani. Ni aka ɗauka tafinta, tunda na yi kolej, ina jin harshen Nasara.

Mun tashi shida saura kwata. A shingen bakin gari gardi mai tsaron wurin ya zagaya motar ya ce, "Idi, ina ka baro rabinta na sama?"

"Raƙuminka rufi gare shi?" in ji Kawu. Gardin ya yi dariya ya ɗaga sanda. Na sayi ƙosai na dala muka wuce.

Hanyar Mayahi

Tsakanin garuruwan biyu kamar kilomita hamsin ne, amma kamyoyi, manyan motocin ɗaukar gyaɗa, sun tone hanyar. Sau biyu muna kafewa, sau biyu manoma suna tura mu. Mun ci fiye da rabin hanya abin ya same ni, kusa da wata rijiya.

Kawu ya taka birki, ya fizgo ni waje, ya ɗauki ƙarfen tada mota ya dinga dukan naɗin rufin. Wani abu gajere mai launin ƙasa ya faɗo ya sulale cikin sabara.

"Kawu, ka gan ta?"

"Na gani."

"Wace iri ce?"

Sai goge gumi yake.

Wani dattijon Bafillace da ke shayar da shanu ya taho, ya duba hannun, ya yagi bakin rawaninsa ya ɗaure mini damtse. Ya tauna wani saiwa ya tofa a wurin. Sannan ya kalle ni ya ce, "Ɗiyata, igiya ce ta taɓa ki. Igiya, kin ji? Kar sunanta ya fito bakinki, ko bakin wani a gabanki. In ta ji an kira ta, dafin hawa yake yi. Kai kuma, ku riƙa duba dasashinta ko jini zai fito."

Na yi karatun halittu a lakwal, makarantar boko, na san suna ba ya tura dafi. Amma a kan hanyar nan, hannuna na kumbura kamar tulu, ban sami ƙarfin zuciyar gwadawa ba. Kowane ɗan lokaci sai in tofa miyau a farin mushwar ɗina na goge fuska in duba. Fari. Fari. Da muka hango rufin kwanon Mayahi, ya fito da ɗan ja-ja.

Mayahi, goma da minti goma

Mai Lofe ya ji kukan injin tun daga nesa. A tsakiyar hanya muka tarar da shi, gaban kampama, masaukin baƙi, ya ware hannuwa yana murna. Dole Kawu ya tsaya. Kafin mu ce uffan ya leƙo ya kashe motar, ya zare makulli ya jefa aljihu, ya ɗaga murfin inji yana shafawa kamar mai duba doki.

Kawu ya bi shi. Shekara goma sha biyu ya yi yana aiki ƙarƙashin Nasara, hannunsa ba zai iya shiga aljihun nan ba.

"Mushe, makulli. Igiya ta taɓa yarinya."

Mai Lofe yana jin Hausar kasuwa. Ya zagayo baya, ya kama igiyar fata da ake ɗaure rufin da ita, ya ja ta. "Wanga? Ba komai, ba komai. Ni canza shi, sabo."

"Ba wannan ba, Mushe. Igiyar ƙasa!"

Sai ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin motar.

Ina zaune na rufe hannun da mayafi. Bakina ya cika da ɗanɗanon ƙarfe. Ni ce tafinta, don wannan aka kawo ni, kalma ɗaya ce kuma na san ta cikin harsuna biyu. Kawu ya juyo, ya gane abin da nake shirin yi, ya girgiza mini kai yana roƙona da ido.

Na yaye mayafin na ce da ƙarfi, "Serpent! Maciji ne ya sare ni. Kububuwa ce, Kawu, ko ba ita ba ce?"

Kawu ya toshe kunnuwansa yana salati. Lofen ya faɗi daga bakin Nasaran. Shi ya tuƙa, Kawu ya ɗare bayanmu a kan rufin, kaji na watsewa har ƙofar likita, wato asibiti.

Likita

Majo, babban ma'aikacin wurin, dattijo ne marar gaggawa. Ya kwance ɗaurin rawanin, ya ɗebi jinina a 'yar kwalba ya ajiye bakin taga, ya yi mini allurar maganin dafin. Ya ce dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, don haka kwalbar ce za ta faɗa mana gaskiya. Bayan ɗan lokaci ya karkata ta. Jinin ya gangaro kamar ruwan zoɓo.

Da la'asar ya sake ɗiba. Ya sake gangarowa. Aka ƙara allura. Matar majo ta kawo kunu na kasa sha. Kawu yana bakin ƙofa da carbi, ya ƙi abinci, ya ƙi kallona. Na ji yana ce wa majo, "Da bakinta ta kira ta, har sau uku." Mai Lofe ya aiko a tambayi Kawu zancen mota, Kawu ya ce a gaya masa ba shi da mota yau.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na fara tunanin ko dattijon rijiya ne mai gaskiya.

Washegari ƙarfe tara daidai majo ya ɗebi na uku ya ajiye. Ban ɗauke ido daga taga ba. Tara da minti ashirin ya ɗauki kwalbar, ya kira Kawu ya matso, ya kifa ta gaba ɗaya. Ko ɗigo bai zubo ba.

"Ya daskare. Kin tsira, ɗiyata, sai kumburi ya saɓe."

Na gode wa Allah, na gode wa majo da matarsa, da dattijon da ya ɓata rawaninsa saboda ni. Kawu ya karɓi kwalbar ya girgiza ta da kansa, ya sake girgizawa. Sannan ya kalle ni, karon farko tun jiya, idonsa jawur.

"Ja'ira," ya ce. "Kin kira ta, ba ta amsa ba. Kar ki ƙara."