Maƙalar da Ba Ta da Shafin Farko

A cikin adakar kawuna na same ta. Kawu ya yi shekaru yana magatakardan kotu a Isa, kuma da ya ajiye aiki bai zubar da ko takarda ɗaya ba. Lokacin ina karatun digiri na biyu a fannin shari'a a Sakkwato, ina rubuta kundina a kan gonakin da masu su suka gudu suka bari. Na je gaishe shi, na gaya mishi abin da nake nema, sai ya turo mini adakar da ƙafa ya ce in duba ko akwai abin da zai yi mini amfani.

Can ƙasa, tsakanin tsofaffin sammaci, na ga wasu takardu da aka ɗinke da zare. Kwafi ne na wata maƙala ta Turanci da aka ɗauko daga mujallar shari'a. Ta fara daga shafi na arba'in da huɗu, a tsakiyar jimla. Shafin farko babu. Wanda ya yi kwafin kuma ya ɗora littafin a karkace, injin ya yanke saman kowane shafi, daidai inda ake rubuta sunan mujalla da shekara.

Nan zaune a zauren Kawu na karance ta. Marubucin yana cewa gonar da aka bari saboda tsoro daban take da gonar da aka bari saboda sakaci, kuma a al'adar ƙasarmu hakimi ba ya da ikon ba wani ita komai daɗewar mai ita, muddin tsoron bai kau ba. Ya kawo hujjoji daga fiƙihu da kuma hukuncin wata kotun ɗaukaka ƙara. Gonar babanmu da ke kusa da Tozai damina uku ke nan ba a sa mata garma ba, tun da mutanen daji suka tare hanyar muka komo Sabon Birni. Ji na yi kamar mutumin nan da mu yake.

Na gina babi guda a kanta, na kai wa malamar da ke duba aikina. Mace ce mai haƙuri, amma ba ta ɗaga ƙafa a kan madogara. Bayan mako biyu ta kira ni ofis, ta buɗe babin, duk gefen shafin jan biro.

Ta ce, "Magana ta yi kyau. To wa ya faɗe ta?"

Na miƙa mata takardun. Ta jujjuya su, ta dube ni.

"Ina sunan marubuci? Ina taken maƙalar? Wace mujalla, wane juzu'i, wace shekara, daga wane shafi ta fara? Abu shida nake nema a ƙasan shafi, kai ka kawo mini lambar shafi kaɗai, ita ma ba ta farko ba."

Na ce, "Malama, ai ga maganar nan a rubuce."

Ta ce, "Idan wani a wata jami'a ya karanta aikinka yana son ya ga maƙalar da idonshi, ina zai je? Zauren kawunka? Je ka nemo asalinta. In ba ka samu ba, ka cire."

Na tafi laburare. Akwai wani dattijo mai kula da sashen mujallu, shi ya koya mini yadda ake bin sawun irin wannan takarda. Ya ce in duba bayanan da ke ƙasan shafukanta, in nemo shekara mafi kusa da marubucin ya ambata, domin ba za a buga maƙala kafin abin da ta ambata ba. Sannan mu duba girman shafi da irin haruffan, mu gwada da mujallun wancan zamani. Kwana huɗu muna sauke littattafai masu ƙura. A na huɗun muka dace da wata mujalla da wata tsangayar shari'a ta taɓa bugawa, ta daɗe da mutuwa. Haruffa iri ɗaya, lambar shafi a kusurwa ɗaya. A kan kantar littattafai akwai juzu'i na uku, da na huɗu, da na shida. Na bi su shafi-shafi, maƙalata ba ta ciki.

Dattijon ya duba katin rajistar laburaren ya ce na biyar ya taɓa shigowa, amma tun kafin ya kama aiki ba a sake ganinshi ba. Ya rubuta wa abokan aikinsa a jami'o'i biyu. Ɗaya bai amsa ba. Ɗayan ya ce ruwa ya ci ɗakin da suke ajiye tsofaffin mujallu.

Ana cikin haka jikin babanmu ya motsa, na komo gida. Zamanin da aka katse sabis ɗin waya a yankinmu ne. Duk mai son magana da wani sai ya hau babur ya nufi wajen iyaka, inda ake kama layin Nijar. Akwai wani tudu da mutane ke taruwa da hantsi, kowa ya ɗaga waya sama. Wannan yana tambayar ko ɗan'uwansa ya isa Sakkwato lafiya, waccan tana kuka tana ba da labarin rasuwa. Ni kuwa ina tsugune a gefe ina buga jimlolin maƙala a intanet, ɗaya bayan ɗaya, ina jira shafi ya buɗe. Kunya ta kan kama ni idan wani ya leƙo ya ga abin da nake yi.

A zuwa na biyar wani abu ya fito. Jerin tsofaffin maƙalu ne da wani ya tattara, a ciki akwai take mai kama da abin da nake nema, da sunan marubuci, da sunan waccan mujalla, juzu'i na biyar. Babu lambar shafi. Na kwafe a bayan hannuna kafin sabis ya ɗauke.

Da na dawo gida na zauna na rubuta madogarar cikakkiya a ƙasan shafi, na sa shafi na arba'in da uku da ka. Ta yi kyau a ido, kuma na san babu mai iya ƙaryata ni. Kwana biyu tana nan. Amma a juzu'i ɗaya ana iya samun maƙala biyu a kan gonaki, kuma ban taɓa ganin sunan mutumin nan a saman takardun da ke hannuna ba. Ina iya jingina mishi maganar da bai faɗa ba. Na goge.

Kawu kaɗai ya rage. Na bi ayarin motocin da ke fita ranar kasuwa na tafi Isa. Na tarar da shi ya rame, yana kwance a kan tabarma, carbi a hannu.

Na ce, "Kawu, takardun nan, wa ya ba ka su?"

Ya daɗe yana dubansu. Ya ce wani alƙali ne da suka yi aiki tare, ya zo da su daga wani kwas. Alƙalin ya rasu, iyalinsa sun watse.

"Shafin farko fa?"

"Ban taɓa ganinai ba. Haka ya ba ni su." Ya yi tari, ya gyara kwanciya. "Kai ɗana, mi za ka yi da sunan mutumin ga? In ka samo shi, wa za ya kai takarda cikin daji shi karanta musu?"

Na ce, "Za ni ci gaba da nema, Kawu."

Ya ce, "Allah shi taimaka." Daga yadda ya faɗa na san ya tausaya mini ne kawai.

Ban ci gaba ba. Wa'adin miƙa kundi ya zo, na cire maƙalar, babin ya koma shafi shida na abin da kowa ya riga ya sani. Malama ta sa hannu, ta ce ta yi baƙin ciki, na kuma yarda da gaske take. Aka ba ni digiri. Kawu ya rasu kafin in karɓo takardar shaida.

Daminar da ta biyo baya wani mai babur ya kawo mana labari cewa an shuka gero a gonarmu. Wani mutumin ƙauyen da bai gudu ba ne ya shiga, ya daidaita da mutanen daji suka bar shi yana nomawa. Na ce wa babanmu mu shigar da ƙara, ni da kaina za ni tsaya. Ya tambaye ni ko alƙali zai iya zuwa ya ga iyakar gonar. Na ce a'a. Ya tambaya ko akwai wanda zai yarda ya kai sammaci. Na ce babu.

Ya ce, "To bari. Wanda ya shiga gonar, shi ma ɗiya garai."

Akwai wani ɗan fili a bayan gidan da muke zaune, bai fi taki ashirin ba. Da aka yi ruwa babanmu ya ce in ɗauko fartanya. Yana gaba yana sara da ƙyar, ina biye ina jefa irin kuɓewa ina rufewa da ƙafa. Kafin azahar muka gama.