Ɗigon Tawadar Baba Firiza

Shekara ashirin da uku Baba Firiza ya yi yana tsaron firizar ɗakin bincike, har sunansa na yanka ya ɓace. Ko shugabar ɗakin ba ta isa ta ɗaga murfin firizar ba sai ya gyaɗa kai. A ciki akwai 'yan kwalabe kamar ƙaramin yatsa, ɗauke da filasmid, wato ɗan zoben ƙwayar gado da ake cusa wa ƙwayoyin halitta. Iri biyu ne. Ɗaya yana sa su ƙera furotin mai karɓar sinadarin istirojin, wanda ake bibiya saboda kansar mama. Ɗayan fanko ne, na kwatance kawai. A ido duk ruwa ne garau. Abin da ya raba su ɗigon tawada ne a murfi, shuɗi ga mai aiki, baƙi ga fanko, kuma Baba kaɗai ya san wannan, don shi yake tsiyaya wa kowa rabonsa a sabuwar kwalba.

Sai ido ya fara yi masa gardama. Matarsa ta ce, "Malam, ka je asibiti mana, jiya fa gishiri ka zuba a shayi." Ya ce hayaƙin girkinta ne. Tsoro yake ji, kada a daina yarda da hannunsa, shi da ba shi da wani abin alfahari a duniya sai wannan.

Wata ɗalibar digiri na uku ta yi wata takwas tana zuba istirojin a kan ƙwayoyin halittar da ta cusa wa filasmid ɗin da Baba ke ba ta, ko gezau. Ta canja sinadarai, ta rame, ta zargi kanta. Ranar da ya tarar da ita tana share hawaye, ya ɗauko kwalbar da yake tsiyaya mata, ya kai ta bakin taga.

"'Yata, wace kala ce wannan?"

"Baƙi ne, Baba."

Ya mayar da kwalbar cikin firiza. Da ƙafarsa ya je ya faɗa wa shugaba cewa fanko yake ta ba ɗalibar a kan kuskure. Ba ta kore shi ba, ba ta ko ɗaga murya ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan.

Washegari ɗalibar ta zo karɓar sabon rabo, ta gaishe shi har da russunawa. Ya buɗe kwalba zai tsiyaya, sai ta ce a hankali, "Baba, ko zan ga murfin tukuna?"

Ya miƙa mata.