Kai Mai Tari Damagaram

Babura uku gare ni a Dakoro, duk tsofaffi, irin waɗanda nasara suka bari da aka samu ƴancin kai. Biyu sayensu na yi. Na ukun na Baba Tankari ne, wanda ya koya mini gyara. Da idonsa ya fara dushewa ya koma garinsu Damagaram, ya bar mini shi. Muna ce masa Mai Tari, don bututun hayaƙinsa ya hude, in ya tashi sai ya riƙa tari kamar tsohon da ya sha taba. Ranar Juma'a nake wanke su, in tayar da kowanne ya ɗan yi ɗumi. Maiɗakina Hadiza takan ce da ita nake shafa wa mai haka da ta fi matan unguwa sheƙi.

Ƙarshen damina wani mai fataucin wake ya kawo mini saƙo. Baba ya daina gani sam, ya ce abu guda ya rage masa a rai: ya sake jin kukan Mai Tari. Kwana tara na yi ina shiri. Na ɗaure sarƙa, na wanke buji, wato filogi, na lilliƙe robar taya. Sai na dubi hudajjen bututun nan na ji kunya, na ce ba zan kai wa maigidana kayansa a haka ba. Na cire lafiyayye daga ɗaya cikin sauran baburan biyu na ɗaura, tsohon na ba maƙeri.

Dakoro zuwa Maraɗi

Ƙarfe biyar da rabi, bayan asuba, na tashi da gwangwanin isansi, wato fetur, guda biyu a baya. Rairayi ya yi yawa kafin Kornaka, sai na rage iskar taya kamar yadda Baba ya koya mini, babur ya daina tangaɗi. Ƙarfe goma na sha furar dala ɗaya a Sabon Maci, ana ta yankan gero dama da hagu. A shingen Tibiri jandarma ya karɓi takarduna, ya kewaya babur ɗin sau biyu.

"Wanga tsoho ina za ya da kai?"

"Damagaram, ranka ya daɗe."

"To, ka riƙe igiya kusa."

Kilomita ɗari da ashirin ɗin nan sun ci mini awa bakwai. Na sauka gidan wani abokina mai sayen gyaɗa, na ci tuwo da miyar kuka, bayana kamar an daddake shi.

Maraɗi zuwa Damagaram

Ƙarfe shida na kama jar hanya. Babur yana tafiya lumui, ba tari ba gargada, ni kuwa sai fankama nake, ina ƙiyasta irin yabon da zan sha. Baba bai taɓa ce mini na iya ba. In aiki ya yi kyau sai dai ya ce "to", ya wuce. Wannan "to" ɗin nake kewa, shekara huɗu ke nan. Taya ta fashe bayan Tasawa, na liƙe ta a gindin gawo, na yi azahar a wurin. La'asar sakaliya na hango duwatsun Damagaram.

Gidan Baba

Na same shi zaune bakin zaure bisa buzu, ya rame, ɗiyarsa Rabi tana zuba masa ruwa a buta. Da gangan na murɗa mai sau uku kafin in kashe. Ko kai bai ɗaga ba.

"Rabi, wani baƙo ne da babur, tambaye shi wa yake nema."

Na sauka daga babur. Na durƙusa na ce, "Baba, ni ne, Hamza. Ga Mai Tari na kawo."

Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, sannan ya ce, "Kai dai kai ne. Amma wanga ba shi ba ne."

Na ja babur ɗin har gabansa. Ya shafa tanki ya sami lotsawar da ya sani, ya shafa sirdi. Da injin ya huce, hannunsa ya gangara kan bututu, ya bi shi tun daga sama har ƙasa, sumul. Ya tsaya.

"Ina hudar?"

"Na canza shi, Baba. Na ga ya tsuhwa."

"Ni ma na tsuhwa," in ji shi. "Da mi zan gane shi, tunda ba ni gani?"

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Kwana tara ina gyara, ashe abin da ya aiko a kawo masa shi na ba maƙeri ya yi lauje. Sai ya ce Rabi ta kawo ƙusa da guduma. Ya auna yatsu uku ƙasa da lanƙwasar, ya ɗora ɗan yatsa. "Nan." Na huda lafiyayyen bututuna da hannuna, na tayar. Ya karkata kunne. "Ƙara kaɗan." Na ƙara. A bugu na uku sai ga tarin nan, ɓat-ɓat-ɓat, ya cika lungun. Baba ya ɗaga hannu in tsaya. Hawaye na bin gemunsa, ya ce, "To."

Washegari na goya shi muka kewaya bayan gari. Yana riƙe da ƙuguna, yana dungurina duk lokacin da ya kamata in canza giya, kuma bai yi kuskure ko sau ɗaya ba. Na ce zan bar masa babur ɗin in bi babbar mota. Ya ƙi, ya ce ajiya za ta kashe babur ɗin.

Komawa

Kwana uku na yi. Da safen da zan tafi ya fito da sandarsa har bakin hanya.

"Hamza, kak ka yi sauri. Tahi sannu, in daɗe ina ji."

Na bar shi a giya ta ɗaya har na fita gari, inji na zafi yana ihu, laifin da a da zai sa ya ja kunnena. Ban iya waiwayawa ba. Sai da na tabbata kukan ba ya kai masa na canza.

Kwana biyu na yi a hanya, na shiga Dakoro ƙarfe biyar na yamma, maƙwabta suna toshe kunne. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa Rabi da mai masaukina na Maraɗi. Baba Tankari bai ga wata damina ba, Allah ya jiƙansa. Rabi ta aiko mini cewa ranar da na tafi ya daɗe tsaye a bakin hanya bayan ita ta daina jin komai, yana ce mata ta yi shiru, shi har yanzu yana ji.