Seu Aristides Mai Korar Macizai

A kwarin Ribeira, inda gonakin ayaba ke gangarowa daga tudu kamar garken da ya ji ƙamshin ruwa, babu wanda bai san Seu Aristides ba. Allah bai ba shi tsawo ba, bai kuma jarabce shi da son noma ba. Suna ya ba shi. Shekara arba'in yana korar macizai daga gonakin mutane. Yakan cire hula ya yi addu'a a kusurwa uku, ya bar ta huɗu a buɗe domin baƙin su sami ƙofar fita. Sai ya kutsa cikin ayaba ya fito da jararaka naɗe a hannu, macijiyar da saranta ke kai ƙato kabari. Mata na zana gicciye a ƙirji, maza na tuna suna da aiki a gida.

Shi da matarsa Dona Nair kaɗai suka san bai taɓa kusantar jararaka ba. Dormidera yake kamawa, macijin bishiya mai aron zanenta da baje kanta, ba dafi ba cizo, sana'arsa zaƙulo dodon koɗi daga ƙoƙonsa. Wanda ya shiga buhu, sai lambun Nair. Kabejinta ya zama abin kwatance a kasuwar Asabar, ganye ba huda ko ɗaya. Aka ce albarkar miji ce. Ita ma ba ta musa ba.

Maƙwabcinsu Valdomiro, uban baftismar 'yarsu, wato kumpadre a bakin mutanen kwarin, sau uku aka share masa gona a damina ɗaya, kaza uku suka tafi ladan aiki. Dodon koɗi suka ga gari ba sarki, suka mai da kabejinsa rariya. Wata safiya ya leƙa ta shinge ya ga Nair ta ɗauke wata jararaka daga hanya da hannu ɗaya, kamar igiyar shanya.

Ya tarar da Aristides yana shan kofi a baranda.

"Kumpadre, ashe karamar taka tana yaɗuwa? Matarka ma ta zama waliyyiya."

"Zama da maɗaukin kanwa," in ji Aristides.

"Kanwa ce ta ci min kaji? Na biya ka ka kwashe min ma'aikata. Ka dawo min da su, in ba haka ba ranar Lahadi bayan coci a shagon Tonho zan ba da labari, kuma ka san ba na gajarta zance."

Aristides ya sami Nair tana gyaran wake, ya roƙe ta macizan lambunta.

"Guda biyu kawai, uwargida."

"Ko wutsiya."

"Sunana fa ake magana."

"Sunanka na taɓa sawa a tukunya? Je ka dawa ka kamo, tunda maciji na jin maganarka."

Dawa kuwa can ne jararakar gaske take. Ya dubi tudun, ya dubi ƙafafunsa, ya ga ba su yi masa laifin komai ba. Ranar Asabar, Nair na kasuwa, mutumin da kwari guda ke cire wa hula ya rarrafa cikin lambun matarsa ya saci maciji biyu ya kai wa Valdomiro. Da ta dawo ta ƙirga abinta. Wata guda yana cin garin rogo gaya.

Washegarin satar, Lahadi ta zo. Valdomiro ya gyara murya a shagon Tonho, ya nuna Aristides.

"Jama'a, irin kumpadrena ba a haifi biyu ba. Tonho, zuba min giyar rake, shi zai biya."

Haka aka yi wannan Lahadin, da kowace Lahadi bayanta har shekara goma sha ɗaya. Aristides ya rasu da sunansa cif, aka binne shi ana labarin jarumtarsa. A bakin kabari babu wanda ya kai Valdomiro kuka, har sai da mutum biyu suka riƙe shi.